Zaɓen Dabbar Kiwo Don Nama a Fagge da Sabon Gari

Kiwon dabbobin nama a ƙaramin gida iri biyu ne. Akwai kiwon haihuwa, wato a ajiye mace ko mata su riƙa haihuwa, ana yanka wasu daga cikin 'ya'yan ko a sayar, uwar tana nan. Akwai kuma kiwon turke, inda ake sayo dabbar da ta riga ta yi ƙashi amma ba ta da nama, a ɗaure ta, a ciyar da ita wata 3 ko 4, a sayar. Na farko ajiya ce mai tafiya a hankali, ba ya cin kuɗi da yawa a lokaci guda, amma yana son fili da haƙuri. Na biyu kasuwanci ne mai ranar shiga da ranar fita, yana son jari a hannu, kuma ribarsa ta dogara ne kacokan a kan farashin abinci. Yawancin asarar masu fara kiwo takan faru tun dabba ba ta shigo gida ba: mutum ya sayi abin da ya ga ya karɓi maƙwabcinsa, bai tsaya ya duba wanne daga cikin biyun nan gidansa zai iya ɗauka ba.

A Fagge da Sabon Gari wannan tambaya ta fi tsanani, saboda yadda unguwannin suke. Fagge asalinta zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Abzinawa da fatake ke sauke raƙuma da jakuna, don haka dabba ba baƙuwa ba ce a wurin. Sabon Gari kuwa an yanka shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Yau duka biyun suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Fagge, kuma a wannan yanki ne Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suke, ga babbar mayankar Kano, Abbatuwa, a wajen Ƙofar Mazugal. Mai saye yana bakin ƙofa ke nan, amma fili ya ƙare. Gidajen Fagge da dama masu zaure da faffaɗan tsakar gida sun koma shaguna da sito, a Sabon Gari kuma akasarin mutane suna gidajen haya ne masu ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, kwata ɗaya. Babu makiyaya, babu saura. Duk abin da dabba za ta ci sai an saya ko an tara, ruwan da za ta sha sau da yawa sai mai kura ya turo, kashin da za ta yi kuma sai an nemo masa mafita kafin maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa ko 'yan duba-gari. Saboda haka abin da ya kamata a fara aunawa ba yawan riba ba ne. A fara da girman wuri, da inda abinci zai riƙa fitowa, da iyakar abin da maƙwabta za su jure, da ranar da ake son sayarwa. Dabbar da ta tsallake waɗannan ita ce za a yi wa lissafin riba.

Akuya ce ta fi dacewa da kiwon haihuwa a irin wannan wuri, shi ya sa ta zama dukiyar matan aure a gidajen Hausawa tun kaka da kakanni. Jar akuya, wadda ake danganta wa Sakkwato a Najeriya da Maraɗi a Nijar, da 'yar'uwarta ta ƙasar Kano mai duhun ja, ba su da girma sosai, kilo 20 zuwa 30 idan sun cika, amma suna da yawan haihuwa. Cikinta wata 5 ne, tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinta, kuma idan tana ƙoshi takan haihu sau 3 a shekara 2. Ba ta da tsirfa wajen abinci: dusa, ƙanzo, ƙasari, ɓawon wake, ganyen da masu kayan miya suka zubar, duk tana karɓa. Fatarta ma kuɗi ce. Fatar jar akuya ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, kuma har yanzu masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna nemanta. Naman akuya yana da kasuwa duk shekara, musamman a Sabon Gari, inda gidajen abinci ke sayen kai da ƙafa da kayan ciki don farfesu, ga kuma 'yan kasuwar da ke lodin awaki a manyan motoci zuwa kudu.

Aibin akuya ɗaya ne, amma babba: ba ta zama. Idan an sake ta sai ta shiga gidan mutane, ta ɓarar da shanya, ta ci kayan mai talla, a wayi gari ana shari'a. Mafi muni shi ne leda. Akuyar da ke yawo a bola tana haɗiyar leda saboda ɗanɗanon abincin da ke jikinta, ledar kuwa ba ta narkewa, sai ta cure a tumbi. Za a ga dabba tana ci amma tana ramewa, cikinta ya yi tauri, gashinta ya tashi, a yi ta ɗura mata maganin tsutsa a banza. Mahauta a Abbatuwa sun saba farke tumbi su zaro dunƙulen leda da igiya wanda ya cika hannu biyu. Wanda ba shi da wurin killace akuya da ƙofa mai sakata, gara ya haƙura da ita. Bunsuru kuma, saboda warinsa, ba a ajiye shi a gidan haya. Ko dai a dandaƙe shi yana ƙarami ya zama taure, wanda ya fi ƙiba kuma namansa bai da ƙarni, ko a riƙa kai akuya barbara wurin mai shi.

Rago shi ne sarkin kiwon turke, kuma nan ne mafi yawan 'yan kasuwar Kwari da Singa ke sa hannu, don yana zama inda aka ɗaure shi, ba ya tsalle, ba ya hawa katanga. Lungu mai inuwa na taku 4 ko 5 ya ishi raguna 2 ko 3. Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Ɗan ƙasa fari ne mai baƙi-baƙi a ido da kunne da baki, matsakaici, mai jure wahala, kuma shi ne mai arha wajen saye da ciyarwa. Uda shi ne mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, dogo mai manyan kunnuwa, ya saba da doguwar tafiya a daji, don haka yakan ɗauki lokaci kafin ya saba da turke. Balami, wanda asalinsa ƙasar Barno ne, fari ne tas, ya fi su duka girma, kuma shi ne ke jan idon masu hannu da shuni, amma cinsa daidai girmansa. Mai fara kiwo zai fi samun kwanciyar hankali da ɗan ƙasa, domin masu sayensa sun fi yawa. Balami idan bai sami mai saye ba kafin Sallah, kowace rana da ya ƙara a turke cin jari ce.

Riba a rago tana farawa ne daga ranar saye. Ana samunsa a 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku, amma masu neman sauƙi sukan fita kasuwannin ƙauye irin su Wudil da Dambatta, ko su dangana da Maigatari a jihar Jigawa, bakin iyakar Nijar. Gwanin saye ba ya kallon ƙaho ko tsawon gashi. Yakan fara buɗe bakin rago: idan haƙoran gaba na ƙasa duk ƙanana ne iri ɗaya, bai yi famfara ba, yaro ne, idan manya biyu sun fito a tsakiya, ya haura shekara, kuma shi ake so, idan haƙora sun cinye sun yi gajeru, tsoho ne, ko an ba shi me ba zai yi nama ba. Sai ya ɗora tafin hannu a gadon baya ya danna, ya ji faɗin ƙashi, ya ɗaga wutsiya ya duba ko akwai alamar zawo, ya leƙa hanci ko da majina, ya janye fatar ido ya ga ja ne ko ya yi fari fat, wanda ke nuna tsutsa ta sha jini. Daga ƙarshe sai ya sa a ja shi ya yi 'yan taku, don ɗingishi ba ya ɓoyuwa a tafiya. Abin nema shi ne rago mai babban ƙashi da yunwa ta ramar, ba wanda cuta ta ramar ba. Dillali yana da amfani, musamman wajen sanin asalin dabba don kada a sayi ta sata, amma la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka idon mai saye shi ne abin dogaro.

Binciken nan ba na lafiya ba ne kaɗai, har da na shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Kano ke bi, rago ne kan gaba a falalar layya, sannan akuya, sannan shanu da raƙuma, kuma dabba mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya ƙwarai, ba ta isarwa. Ragon da bai kai shekarun layya ba, ko mai aibi, sai dai ya tafi wurin mahauta, su kuma da nauyin nama suke saye, ba da kyan gani ba.

Ragon da ya kai kilo 30 yakan ci busasshen abinci kimanin kilo ɗaya ko fiye a rana: harawar wake ko ta gyaɗa, dusar masara ko ta alkama, ɗan ƙuli-ƙuli ko anguriya, da kanwa ko gishiri a ruwa. Idan an ba shi maganin tsutsa a makon farko kuma abinci bai yanke ba, zai iya ƙara gram 100 zuwa 150 a kullum, wato kilo 9 ko fiye a wata 3. Kuskuren da ya fi kashe raguna a turke shi ne gaggawa: a cika masa hatsi ko sauran tuwo da shinkafa tashi ɗaya, cikinsa ya kumbura, kafin gari ya waye ya mutu. Dusa da hatsi kaɗan-kaɗan ake ƙara su, harawa kuma ba ta fita daga gabansa.

Akwai wani lissafi da ake yawan mantawa. Babbar Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Ma'ana, a waɗannan shekarun watannin turke suna faɗawa ne cikin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da harawa ta fi tsada, ruwa ya fi wuya, zafi kuma yakan kai digiri 40 har dabba ta rage ci. Wanda ya jira sai ya ɗaure rago sannan ya shiga neman harawa, mai harawa zai yi wa aiki. Da kaka ake sayen ta, a watan Oktoba da Nuwamba, a ɗora a kan rufi ko a sito inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Farashin rago kansa ba a Kano kaɗai ake yanke shi ba. Kaso mai yawa na dabbobin da ke shigowa daga Nijar suke, don haka rufe iyakoki na 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, duk sun taɓa kasuwa. Idan hanya ta toshe mai turke ya ji daɗi, idan ta buɗe ana saura mako biyu Sallah sai kasuwa ta cika ta batse. Abin da ke rage wannan kasada shi ne suna: kullum ana haihuwa, kullum ana neman ragon kwana bakwai, kuma mai matsakaicin rago a unguwa ba ya rasa wanda zai yi masa sallama.

Sa ba na cikin gari ba ne. Bunaji ko Gudali mai kilo 250 yakan ci abin da raguna 6 ko 7 za su ci, ya sha ruwa fiye da jarka guda a ranar zafi, kashinsa kuma ba abin da gidan haya zai ɗauka ba ne. Ga shi jarin duk yana kan rai ɗaya: idan ciwon huhu ya kama shi, komai ya tafi. Kuɗin sa ɗaya in an raba shi a kan raguna, ko ɗaya ya faɗi saura za su rufe. Turkar shanu tana da riba, amma wurinta gona ce a Ungogo, Gezawa, Kumbotso ko Dawakin Tofa, da yaron da zai kwana tare da su.

Kaji su ne ƙofar da mafi yawan mutane ke shiga kiwo ta cikinta, kuma a nan ma sai an raba. Kazar Hausa kusan ba ta cin kuɗi, tana tona abincinta, ta kwanta a kan ƙwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta. Namanta ya fi daraja a kasuwa, kuma masu farfesu da masu jego ita suke nema. Amma sai ta yi wata 5 ko 6 kafin ta isa yanka, ƙwan da take yi a shekara bai wuce 40 zuwa 60 ba, shaho da ɓera da kyanwa suna rage tsaki, sannan da hunturu cutar Niyukasul takan bi unguwa ta share akurki. Rigakafin cutar nan yana da arha, ɗigo ne a ido ko a ruwan sha, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, amma masu kajin gida kaɗan ne ke damuwa da shi sai mutuwa ta fara. Kaji 5 zuwa 10 sun isa gida, don fita kunyar baƙo da miyar Sallah, ba don a yi arziki ba.

Kajin gidan gona na nama, buroila, wani abu ne daban. A mako 6 zuwa 8 sukan kai kilo 2, kuma babu dabbar da ke juya abinci ya zama nama da sauri kamarsu. Sai dai komai nasu saye ne. Kowace kaza za ta ci kimanin kilo 4 kafin ta isa, don haka guda 50 suna buƙatar buhu 8 na kilo 25, kuma abinci shi ne kaso mafi girma na kuɗin da za a kashe. Bayan da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, masara da waken suya da kuɗin mota suka tashi, ƙananan masu kiwo da yawa sun rufe ɗakunan kajinsu. 'Yan tsakin galibi daga wajen Ibadan ake kawo su, ko da yake kamfanin Olam ya buɗe wurin ƙyanƙyasa da na abincin kaji a Kaduna a 2017, don haka sukan iso a gajiye bayan doguwar tafiya a kwali. Daren farko shi ne ma'auni. Ana shimfiɗa diddigar katako a rufe da takarda, a kunna fitila ko a ajiye kaskon gawayi, a fara ba su ruwa kafin abinci. Idan suka cure a ƙarƙashin wuta suna kuka, sanyi suke ji, kuma za su danne juna. Idan suka watse jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. Idan suka bazu suna tsattsaga, an dace. Bayan nan sai rigakafin Gumboro da na Niyukasul a kan lokaci. Manyan kuma zafi ne ajalinsu: buroilar da ta kai mako 5 a watan Afrilu, a ɗakin kwano marar iska, tana iya faɗuwa da tsakar rana ba tare da wata cuta ba.

Babbar matsalarsu ita ce ba sa jira. Rago idan kasuwa ta ƙi za a iya riƙe shi, buroila kuwa daga ranar da ta isa, duk abin da ta ci asara ne, kuma 'yan kaji na kasuwar Sabon Gari da ta Tarauni sun san haka sarai idan suka zo taya kaya. Wanda ba shi da firiza da wutar da za ta riƙe ta, dole ya sami mai saye tun kafin ya zuba tsaki: mai gidan abinci, mai gasa kaza, ko gidajen da suka yi alkawari. Tsakanin kazar Hausa da buroila akwai 'yan tsaka-tsaki, irin su Noiler da waɗanda ake kira maja, masu launi-launi, da ke kai wa yanka a wajen wata 3 zuwa 4, suna cin dusa da sauran abinci, kuma sun fi jure zafi. Ga mai koyo, su ne suka fi yafiya. Kowane iri aka zaɓa, murar tsuntsaye tana nan: a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, ta shigo Kano a lokacin, ta kuma dawo a 2015. Kazar da aka sayo a kasuwa ba a haɗa ta da na gida sai ta yi mako 2 a ware, kuma haka dokar take ga rago da akuya.

A nan ne zaman Sabon Gari ke da wata fa'ida da cikin Birni ba shi da ita: kalanda biyu ke aiki a kasuwa ɗaya. Bayan Sallah ƙarama da babba, akwai Kirsimeti da sabuwar shekara da Ista, lokacin da kaji da awaki da talotalo ke tashi. Kirsimeti ba ta motsi daga 25 ga Disamba, kuma tana zuwa ne bayan kaka, abinci da arha, gari da sanyi. Buroilar da aka zuba a farkon Nuwamba takan isa daidai. Talotalo yana son wata 5 zuwa 6, don haka da damina ake fara shi, amma 'ya'yansa suna da saurin mutuwa a makonnin farko, kuma bai kamata ya kwana wuri ɗaya da kaji ba, don yana ɗaukar cutar da su ba ta kayar da su.

Sauran tsuntsaye ba sa buƙatar dogon bayani. Zabo yana da nama mai daɗi, amma ga kuka ga tashi sama, da damina kawai yake ƙwai, kuma ba shi da reno, sai an sa wa kaza ƙwansa. Na ƙauye ne. Agwagwa tana da ƙarfin jiki, tana kwanci kwana 35, amma tana ɓata tsakar gida, kasuwarta kuma ba ta kai ta kaza ba. Tattabara ce ta dace da mai bene: a kan rufi take zama, ƙwai biyu take yi, 'yan shila kuma sukan isa yanka a mako 4. Salwa ma keji ɗaya ya ishe ta, tana fara ƙwai a mako 6 ko 7, sai dai lokacin da aka yi yayin ƙwanta mutane da yawa sun shiga, da yayin ya wuce suka rasa masu saye.

Zomo a takarda ya fi kowa: ciki kwana 31, 'ya'ya 4 zuwa 8 a haihuwa ɗaya, ba kuka, ba cin fili, kuma halal ne a mazhabobin Sunna huɗu. A aikace abubuwa biyu ne ke tauye shi a Kano. Ba ya jure zafi, da bazara haihuwarsa takan tsaya, wasu ma su mutu idan kejin yana rana. Sannan mahauta ba su saba da shi ba, masu saye galibi masu son kiwo ne irin mai shi. Don tukunyar gida yana da kyau ƙwarai, don kasuwa kuwa sai an yi wa kai hanya. Tarwaɗa a tankin roba tana kai kilo ɗaya a wata 4 zuwa 6, kuma masu gasa kifi na Sabon Gari suna saye, amma sai mai rijiyar burtsatse, domin ana sauya ruwa a kai a kai, kuma ruwan da aka zubar yana da ƙarni. Dodon koɗi, wanda ake yawan tallata kiwonsa a intanet, ɗan ƙasa mai laima ne, iskar hunturun Kano ba ta barinsa.

Alade ba ya cikin lissafin Musulmi sam. Ga wanda ba Musulmi ba ma, cunkoson gidajen Sabon Gari da zaman tare da maƙwabta a jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun 2000 sun sa ba abin da ake turkewa a tsakar gida ba ne. Cibiyar cinikinsa a arewa tana kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, kuma zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi ɓarna a Legas a 2020, yakan share garke cikin 'yan kwanaki.

Kowace dabba aka zaɓa, kuɗin magani yana cikin jari tun farko. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo da gyambon baki, tana da rigakafi, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, ga likitoci masu zaman kansu. Al'adar sayen kafso a kemis a ɗura wa dabba a kan zato tana ɓata kuɗi, tana kuma barin magani a cikin nama. Kowane maganin ƙwayoyin cuta yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka, a rubuce a jikin kwalba, kuma wanda iyalinsa za su ci naman shi ya fi kowa buƙatar kiyaye su. Sata ma abin lissafi ce, musamman a makonni biyun ƙarshe kafin Sallah, lokacin da rago a ƙofar gida ke buƙatar mai gadi.

Kashin dabba, wanda shi ne tushen rigima da maƙwabta, yana da masu so. Tun da daɗewa manoman kewayen Kano suke shigowa da jakuna su kwashi takin birni a mangala zuwa gonakinsu, kuma da shi ne ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. Yau a buhu ake zuba shi, masu lambu da manoman rani suna saye, na kaji ya fi tsada. Na awaki da tumaki busasshe ne, ana sharewa kullum a tara ba tare da wari mai yawa ba, wanda kuma wani dalili ne da ya sa suka fi dacewa da cikin gari.

Idan aka haɗa duka, mai gidan kansa a Fagge da ke da ɗan fili da dusar gida zai fi dacewa da awaki 2 da kajin Hausa kaɗan, ya ƙara da raguna 2 ko 3 idan ya tanadi harawa da kaka. Ɗan haya a Sabon Gari, in mai gida ya yarda, iyakarsa keji: tattabaru, zomaye, ko kaji 20 zuwa 30 da aka auna da Kirsimeti ko Sallah. Wanda gidansa ba zai ɗauki ko ɗaya ba yana da tsohuwar hanyar ba da kiwo: a sayi akuya ko tunkiya a kai wa ɗan'uwa ko amini a ƙauye, shi da ciyarwa, a raba 'ya'ya yadda aka shirya. Sharuɗɗan sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ana faɗin su a gaban shaidu tun ranar da aka miƙa igiya: haihuwa ta nawa ce ta wa, wa zai biya magani, kuma me za a yi idan dabba ta mutu ko ta ɓata.